Littattafan Baba a Ɗakin Baya

A shekarata ta ƙarshe a jami'a, a Samaru, malaminmu na tarihi ya karanta mana jerin littattafan wani fasto, ɗaya daga cikin Turawan farko masu tsananin riƙon addini da suka ƙaura zuwa Amurka. Mutumin ya mutu tun da daɗewa, amma har yau an san kowane littafi da ya mallaka.

Sai na tuna da Babana. Shi ma fasto ne a Sabon Gari, ya rasu shekara biyu kafin nan. Mama ta zuba littattafansa a kwali uku, ta ajiye a ɗakin baya, ta ce sai na gama karatu.

Ranar Asabar na je gida. Ina ɗaga kwalin farko gindinsa ya zube. Gara ta cinye komai, har wa'azozin da ya rubuta da hannunsa, sai jar ƙasa da guntayen bango.

Mama ta tsaya a bakin ƙofa. "Ko ɗaya bai tsira ba?"

"Ko ɗaya, Mama."

Ta daɗe tana kallon tarin, sannan ta ce, "Ni na ɗauka adana maka su nake yi."

Tare muka share, na kai bola. Ranar ba ta ci abinci ba.