Kaguwar Pak Cik

A shekara ta biyu da zuwanmu Kuala Lumpur muna zaune a hawa na tara na wani bene a Pantai Dalam, ni da maiɗakina. Ni ina karatun digiri na uku a kan tsaftar ruwan sha, ita kuma tana gida, tana yi wa 'yan'uwanmu ɗalibai dambun nama da cincin. Ƙofar da ke kallon tamu ta wani dattijo ce, Bamale ɗan asalin ƙasar, tsohon direban bas da ya ajiye aiki. Matarsa ta rasu kafin mu tare, 'ya'yansa duk sun yi aure sun watse. Pak Cik, wato kawu, muke ce masa kamar yadda kowa a benen ke cewa, shi kuma ya laƙaba mini Dakta tun ban rubuta ko babi na biyu ba. Ban taɓa hana shi ba.

Tare muke sauka masallacin da ke ƙasan benen sallar la'asar idan na dawo da wuri. Da ɗan turancinsa da ɗan yarensu da na tsinta muke hira, kuma ba mu taɓa rasa fahimtar juna ba.

A falonsa, kusa da taga, akwai wani tankin gilashi mai tsawon kamu biyu. Rabinsa yashi ne da aka tara ya yi tudu, rabinsa ruwa wanda bai wuce tsawon yatsa ba. Akwai ɓawon kwakwa a kife, da wani guntun icce, da murfin raga da aka danne da dutse. A ciki kaguwa ɗaya ce tal, girmanta ya kai tafin hannu, bayanta shuɗi, ƙafafunta ja kamar an tsoma su a manja. Ranar da na fara ganinta sai da na ja da baya. A Kano ban taɓa ganin mai kiwon kaguwa ba, ban ma taɓa tunanin abar kiwo ba ce.

"'Yar ƙasarku ce lah," in ji shi yana dariya. "Mai shago ya ce daga gaɓar tekun Afirka ta yamma ake kawo irinta. Ka gaishe ta da yarenku."

Matarsa ce ta sayo ta tana ƙarama, shekara biyu kafin rasuwarta. Ya gaya mini wannan sau ɗaya, bai sake maimaitawa ba. Amma duk wanda ya ga yadda yake yanka mata gwanda ƙanana-ƙanana, yake fesa wa yashin ruwa da 'yar kwalba don kada ya bushe, ya san ba kaguwa kawai yake kiwo ba.

Wata ranar Laraba ya ƙwanƙwasa mana ƙofa. Yayansa na ƙauye ba shi da lafiya, zai tafi ya yi mako biyu. Ya miƙo mini mukulli da wata takarda da ya ninke huɗu, ya ce in zo ya nuna mini. Muka tsaya gaban tankin ya fara bayani: ruwan famfo ba a zuba shi kai tsaye, sai ya kwana a bokiti ko a ɗiga masa magani saboda kilorin, abincin da ta rage a kwashe kafin ya yi tsami, kada a fesa maganin sauro a falon, a mayar da dutsen kan murfi domin tana da ƙarfin ɗaga shi. Ya buɗe baki zai ci gaba, ni kuwa hankalina yana kan agogo, sufabaizata na jirana.

"Pak Cik," na ce, "ruwa fa shi ne karatuna. Kullum a lab abin da nake aunawa ke nan. Kada ka damu."

Ya dube ni. Sannan ya ce, "Boleh, to shi ke nan, Dakta. Sauran yana cikin takarda."

Na cusa takardar a aljihun jakar kwamfuta, ban buɗe ba.

Makon farko na yi ƙoƙari. Kullum da safe in shiga, in kwashe ragowar jiya, in ajiye mata gwanda ko ɗan busasshen kifi. Wajen kwana na biyar na lura ta daina ci. Abincin yana nan yadda na bar shi, ita kuma ta lafe ƙarƙashin ɓawon kwakwa, launinta ya dusashe. Na ce a raina kewar mai ita take yi. Daga nan aiki ya taso mini, sufabaiza ta dawo mini da babi guda da jan biro tun daga sama har ƙasa, ta ce tana so kafin Litinin. Kwana biyu cur ban leƙa gidan Pak Cik ba. Maiɗakina ta tuna mini sau biyu, na ce mata abin da ba ya cin abinci ai ba ya buƙatar mai ba shi.

Ranar da na koma, da hantsi, na same ta kwance a bakin ruwa, ta karkace gefe guda, ba motsi. Na ƙwanƙwasa gilashin. Na ɗauko cokali na taɓa ta, ta juya kamar busasshen ganye. Komai nata yana nan, ƙafafu, manyan hannayen nan biyu, har idanu, amma ba nauyi ko kaɗan. Abin da ya zo mini shi ne yashin ya bushe kwana biyun da ban fesa ruwa ba, ta ƙafe ta mutu. Ni na kashe ta.

Ban kira shi ba, alhali lambarsa na cikin wayata. Na tsaya ina tuna yadda na katse shi da maganar lab, na ji ba zan iya buɗe baki in ce masa ga abin da ya faru ba. Na naɗe ta a takardar goge hannu, na kai kwandon shara na ƙarshen baranda na jefa.

Da na gaya wa maiɗakina abin da nake shirin yi, ta ajiye ludayin da ke hannunta.

"Malam, ka kira bawan Allahn nan ka gaya masa gaskiya. Rai ai na Allah ne."

"Yana jinyar ɗan'uwansa, in ƙara masa wani tashin hankalin? Kaguwa ce fa. Duk kamarsu ɗaya."

"A wurinka ba."

Na yi kamar ban ji ba. Bayan azahar na hau jirgin ƙasa na tafi wani shagon kifayen ado da wani abokin karatuna ya kwatanta mini. Mai shagon, wani Basine mai tabarau a goshi, ya duba hoton da na taɓa ɗauka a waya, ya kai ni lungu inda irinta uku suke, kowace a robarta daban. Na zaɓi wadda ta fi kusa da girman ta Pak Cik. Yana ɗaure robar ya tambaye ni, "Tankin babu kowa ciki ko? Irin wannan guda ɗaya ake ajiyewa. Biyu, faɗa."

"Babu kowa," na ce.

Na dawo na sake ta a tankin, na fesa ruwa, na mayar da murfi da dutse. Ta zagaya, ta hau iccen, ta sauko. Na tsaya ina kallonta har na ji wani sanyi a raina, na ce shi ke nan, an rufe.

Washegari da safe, tun daga bakin ƙofa na ji wari. Ɓawon kwakwar ya tuntsure, yashin da ke ƙarƙashinsa an tone shi, ga wani rami da ban san da shi ba. A bakin ramin sabuwar kaguwar tana tsaye a kan wata kaguwar, tana yagar ta tana kaiwa baki. Ta ƙasan launinta ya fi kowane lokaci kyau, shuɗin yana sheƙi, amma jikinta laushi ne kamar dafaffen ƙwai da aka ɓare. Ƙafafunta uku sun riga sun tafi.

Na daɗe a tsugune ban gane abin da nake gani ba. Sai na tashi na koma gida, na zazzage jakar kwamfuta, na ciro takardar. Da babban baƙi ya rubuta ta, layi-layi, da turancin da ya sha wahala kafin ya haɗa. Layi na ƙarshe ya ja masa ƙasa sau biyu. Ya ce lokacin saɓarta ya kusa. Idan ta daina ci, lafiya ce. Idan na ga kamar ta mutu, tsohuwar rigarta ce ta tuɓe, ita tana cikin rami, jikinta ba ƙwari. Kada in taɓa yashin, kada in sa komai a ciki, kuma kada in zubar da rigar domin za ta cinye ta ta sami ƙarfi.

Na karanta sau uku a tsaye. Maiɗakina ta karɓa ta karanta, ta miƙo mini, ta koma kan aikinta. Da ta yi faɗa da ya fi mini sauƙi.

Na cire gawar na binne ta a tukunyar fulawar da ke barandarsa. Sauran kwana huɗun na kula da sabuwar kamar yadda ya kamata in kula da tsohuwar, ina bin takardar layi-layi. Kullum sai na ɗauki waya zan kira shi, in ajiye. Har a lokacin wani ɓangare na zuciyata yana ce mini wataƙila ba zai gane ba.

Ya dawo ranar Alhamis da yamma. Kafin ya buɗe ƙofarsa tamu ya fara ƙwanƙwasawa, da leda cike da tsaraba, busasshen kifi da wani alkaki irin nasu na ƙauye. Ya ce jikin yayansa da sauƙi. Na karɓi ledar da hannu biyu, na yi godiya, na bi shi da mukulli, har lokacin ban gaya masa ba.

Ya ajiye jaka ya nufi tankin kai tsaye. Ya sunkuya, ya dafa gwiwoyinsa. Bai fi ƙiftawar ido biyu ba ya miƙe.

"Wannan namiji ne," in ji shi, a hankali.

Ban san ma ana bambantawa ba.

Ya juyo ya dube ni. "Dakta, ina take?"

Na gaya masa. Ban rage komai ba, da kwana biyun da ban zo ba, da rigar da na jefa a shara, da tambayar da mai shago ya yi mini da amsar da na ba shi, da takardar da ban buɗe ba sai da aikin gama ya gama. Ina magana ina kallon tayil ɗin falonsa. Ni da nake tsayawa gaban ɗalibai ɗari biyu a gida in yi lacca, na kasa ɗaga kai in dube shi.

Ya zauna a kujera. Ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa.

"Ta fita daga rigar lafiya?" ya tambaya. "Duk ƙafafunta sun fito?"

Na ce da alama sun fito duka.

Ya gyaɗa kai. "Saɓar bara ta sha wuya. Na yi ta tsoron ta bana." Sannan ya ce, "Da ka kira ni lah. Minti ɗaya ne."

Na ce ya yafe mini. Ya ce ya yafe, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Ya tambayi inda na sa ta, na nuna masa tukunyar. Na ce zan mayar da namijin shago idan ba ya son ganinsa. Ya ce a'a, shi ba shi da laifi, yunwa ya ji ya ci, a bar shi.

Bayan nan bai canza mini fuska ba ko sau ɗaya, kuma wannan ne ya fi damuna. Ni ne na canza. Na koma yin la'asar a makaranta. Idan na ji motsin ƙofarsa sai in dakata a ciki har lif ya tafi da shi. Maiɗakina ce ta ci gaba da aika masa kunu ranar Juma'a, ita ce kuma take gaya mini ya tambaye ni.

Wajen wata biyar bayan haka 'yarsa ta matsa masa ya koma wurinta da zama, saboda ciwon gwiwa. Ranar tashinsa ya ƙwanƙwasa mana, ya ce masu ɗaukar kaya sun gama da komai, saura tankin, ba ya so su taɓa shi. Ya kwashe ruwan, ya sa kaguwar a roba ya ba 'yarsa ta riƙe. Ni na kama gefe ɗaya, shi ɗaya. Yashin ya yi nauyi fiye da yadda na zata, kuma sai da muka karkata shi kafin ya shiga lif.

"Ɗaga naka gefen kaɗan," ya ce. Na ɗaga.

Muka sa shi a kujerar baya ta motar, ya zagaya shi da bel. Ya ba ni hannu, ya kai nasa ƙirji yadda suke yi, ya ce in gaida maiɗakina, in kuma yi ƙoƙari in gama karatun nan in koma gida. Na tsaya a wurin ajiye motoci har suka fita daga get, sannan na hau sama.