Zoben Halia da Abincin Laraba

Halia Derkach ta yi shekara talatin tana dafa wa yaran makarantar garinmu abincin rana, kuma ba wanda ya taɓa saninta ba da ƙiba ba. A haka ta tashi, a haka ta yi aure, a haka ta binne mijinta Orest. Ranar jana'izarsa sai da aka ɗauko mata kujera daga ofishin Fada, limamin cocin, aka ajiye a gefen benci, ta zauna ita kaɗai kowa yana wucewa ta gabanta. Mutane sun manta da kujerar nan kafin ƙanƙara ta narke. Ita ba ta manta ba.

Da gwiwoyinta suka ƙi, ciwon suga kuma ya shigo, sai ta tafi Winnipeg aka yi mata aiki, aka ɗaura mata zoben roba a bakin tumbi don ta rage ƙiba. Akwai ruwan gishiri a cikin zoben, akwai kuma wani ɗan maɓalli a ƙarƙashin fatar cikinta inda ake soka allura. In an ƙara ruwa zoben ya matse, abinci ya riƙa wucewa kaɗan-kaɗan. In an zuƙe ruwa ya saki. Mai zoben ita ke faɗin yadda take ji, su kuma a asibiti su yi aiki da abin da ta faɗa.

Shekarar farko ta zube sosai. A kanti, a gidan waya, a ƙofar coci, ko'ina sai an tare ta. "Halia, ke ce? Ina kika baro sauranki?" Ta sayi jan kwat a kantin da kowa ke saye, ba sai an yi mata oda daga nesa ba. 'Yarta Tamara, wadda ke zaune a Calgary tana kiran waya ranar Lahadi in ta tuna, har hoto ta ce a aika mata. Tun da Halia take, ba a taɓa kallonta don a yaba ba sai lokacin.

Daga nan ma'auni ya tsaya. Duk lokacin da ya tsaya sai ta hau mota, tafiyar rabin yini, ta je wurin nas ɗin da ke kula da zoben, wata 'yar Filifin mai suna Luz, ta ce yunwa ta dawo. Luz tana da tambayoyinta da ba sa canzawa. Kina amai? Abinci yana maƙale miki? Kina tari in kin kwanta? Halia ta ce a'a, a'a, a'a. Sai a ƙara ruwa.

Ƙarya take yi, amma ita ba ta ɗauke ta ƙarya ba. A ganinta aman alama ce zoben yana aikinsa. Mace da ta yi shekara sittin ana ce mata ba ta iya riƙe bakinta ba, ga shi ta samu abin da ke riƙe mata shi da ƙarfin tsiya, don me za ta kai ƙararsa? Burodi ya daina wucewa. Nama ya daina, ƙwai ya daina. Da safe ko shayi sai ta lallaɓa. Ta bar gado ta koma kwana a zaune kan kujerar Orest, don in ta miƙe wani ruwa mai tsami ke taso mata har hanci. Abin da ke wucewa ba gardama shi ne askirim, da miya mai kirim, da cakulan in ta bari ta narke a baki. Da su take rayuwa, don haka nauyin ya fara dawowa a hankali. Ta duba ma'auni ta yanke hukunci cewa zoben ya yi sako-sako. Ta buga waya aka ba ta wata Juma'a a watan Nuwamba.

Kowace Laraba matan coci suna taruwa a ɗakin ƙasa suna yin pirohi na sayarwa. Wasu na murza ƙullu, wasu na yankawa, wasu na cusa dankali da cuku suna matse baki, biyu kuma suna kan tukunyar ruwan zafi. Waɗanda suka fashe a tukunya ba a sayar da su. Ana tara su a babban kwano, a zuba albasa da man shanu, da azahar a zauna a cinye. Kafin a ci sai Baba Paraska (Baba a yarensu kaka ke nan), wadda ta haura tamanin da biyar kuma ita ce uwar ɗakin, ta ɗauki fasasshe ta juya shi ta faɗi mai shi, domin kowace mace an san matsin yatsunta. A yi wa mai shi dariya, ita ce kuma za ta fara ci. Na Halia bai taɓa fashewa ba. Amma ci dole ne a kan kowa. Wadda ta tashi ba ta ci ba, to ko fushi take da wata, ko tana ƙyamar hannun mutane.

Dafaffen ƙullu kuwa shi ne babban abokin gaban zobe. Don haka da an fara jera faranti sai Halia ta cire rigar girkinta ta ce, "Bari in je in buɗe wa Burko ƙofa." Burko karenta ne. Ya mutu da bazara, ta ci gaba da faɗin haka, ba wadda ta gyara mata. Da farko ana ajiye mata faranti. Daga baya aka daina. Kofinta da ke rataye a ƙusa tare da na sauran, wata ta mai da shi can ƙuryar kabad. A teburin nan ake jin wa ke kwance a asibiti, wa zai sayar da gona, 'yar wa ta rabu da miji. Halia sai dai ta ji bayan kowa ya gama ji. Ita kuwa tana can bayan rumbun alkama na bakin layin dogo, cikin mota, inji yana kunne don ɗumi, tana shan askirim da cokalin roba tana kallon fili.

Larabar da ta rage kwana biyu ta je asibiti, ta miƙe kamar kullum ta kai hannu ga igiyar rigar girkin.

"Zauna," in ji Baba Paraska, ba ta ko ɗago kai ba. "Karenki ya mutu. Mijin Nettie ne ya haƙa masa rami."

Baba ta sa cokali a kwano ta ɗago wani fasasshe, ta kawo shi kusa da tabaranta, ta juya.

"Wannan matsin naki ne, 'yar nan. Ga wani ma. Yatsunki ba ƙarfi."

Ba wadda ta yi dariya. Aka tura mata faranti. Halia ta koma ta zauna, ta yanki ɗan guntu ta tauna, ta haɗiye. Shekara biyu rabonta da ɗanɗanon nan, sai hannunta ya riga hankalinta, ta ƙara na biyu, babba. Nan take ya tsaya. Ta ji kamar an cusa mata dutse a tsakiyar ƙirji, yawu ya cika mata baki, idanunta suka kawo ruwa. Ta san ban ɗakin da ke nan bangonsa katako ne, ana jin komai. Sai ta hau matakala ta fita ta ƙofar baya, ta dafa bangon coci ta sunkuya a kan ƙanƙara.

Da ta ɗago, Nettie Boychuk na tsaye riƙe da jan kwat ɗin. Ajinsu ɗaya tun suna 'yan shekara shida, kuma tun lokacin bakin Nettie ba shi da birki.

"Tun yaushe?"

"Tun yaushe me?"

"Ke, kada ki raina mini hankali. Ungo, saka kafin ki daskare, mu rasa mai matsi."

Halia ta saka kwat ta goge baki. "Aikin zoben ke nan. Haka yake yi."

"Aikinsa ya sa ki amai bayan coci kamar mashayi? Mu fa mun ɗauka kin zama 'yar birni ne, abincinmu ya yi miki ƙauye."

"Jibi zan je a ƙara matse shi. Nauyin yana dawowa."

"A ƙara? Wallahi kanki ne ya kamata a ɗaura wa zoben."

"Ba ki san komai ba, Nettie. Ke da kike kamar sandar tsintsiya tun haihuwa. An taɓa ɗauko miki kujera ta daban ranar da ake binne mijinki?"

Nettie ta dube ta. "Ni na ɗauko kujerar. Na ga gwiwoyinki suna rawa ne."

"Kowa ya kalle ni."

"To, sun kalla. Yanzu fa wa ke kallonki? Ba kya nan ma balle a kalle ki. Stella da kuke pirohi tare ta yi wata guda a asibiti, kin sani?"

Halia ba ta sani ba.

"In raka ki jibi?"

"A'a."

"Ki tafi ke kaɗai, mai taurin kai. Ki gaida karen."

Ranar Juma'a ta kama hanya ita kaɗai, gonaki sun yi fari fat hagu da dama. Tun daga gida ta shirya maganarta: yunwa ta dawo, ma'auni ya hau, a ƙara kaɗan. Luz ta auna ta, ta kwantar da ita kan gado da matashi a ƙarƙashin baya, ta lalubo maɓallin da yatsa ta shafa magani mai sanyi.

"Mama, yau ma yunwar ce? Kina amai?"

"A'a."

"Abinci yana maƙale miki?"

Halia ta kalli silin. In ta ce a'a, za ta koma gida da zobe mai ƙarfi, kwat ɗin zai ci gaba da rufuwa, Laraba kuma ta koma bayan rumbu. In ta ce e, ba ta san wace mace za ta gani a madubi da bazara ba.

"In aka rage, nauyi nawa zan ƙara?"

Luz ta dakata. "Ban sani ba. Me ya sa kike tambaya?"

"Tun hunturun bara ban ci burodi ba. A kujera nake kwana. Askirim nake sha, shi ke wucewa."

Luz ta ajiye allurar a faranti. "Haba Mama. Kina ce mini a'a, ni kuma ina ta tura ruwa? Kin san zoben zai iya zamewa, ko ya ci bangon tumbin?"

"Ban zo a yi mini faɗa ba, an yi mini a gida. Rage."

Aka kira likita, ya ce a zuƙe yawancinsa, a ɗauki hoton ciki, kuma kada a sake taɓa shi sai kumburin ya sauka. Halia ta ɗaga kai ta kalli ruwan yana hawa cikin sirinji. Abin da aka cire duka bai fi cokalin shayi ba. Ta yi mamakin ƙanƙantarsa. Luz ta miƙa mata ruwa a kofin takarda, ta kurɓa tana jiran ya tsaya inda ya saba tsayawa. Bai tsaya ba. Ta ji sanyinsa yana gangarawa har ƙasa.

Hoton ya nuna zoben bai zame ba. Kafin Kirsimeti ta ƙara nauyi, maɓallin ƙasa na jan kwat ya daina rufuwa, sai ta riƙa barinsa a buɗe. Ba wanda ya sake tare ta a kanti don ya yaba. Tamara ta kira ta tambayi yadda ake ciki, Halia ta ce lafiya, tana kwana a gado. Tamara ba ta gane me ya sa wannan ya zama labari ba.

Wata Laraba, da aka fara jera faranti, Halia ta je ƙuryar kabad ta ɗauko kofinta da kanta. Baba Paraska ta juya fasassu ta kira sunan Stella, aka yi dariya. Halia ta ɗauki guda ɗaya ta yanka shi ƙanana, tana tauna kowane guntu har ya zama kamar kunu, tana ajiye cokali tsakanin loma da loma yadda Luz ta koya mata. Ta ji wa zai sayar da gona. Sauran kuwa ci suke irin na matan da suka saba da aiki na jiransu. Kafin ta kai rabi sun gama, sun wanke tukwane, sun fara saka takalman ƙanƙara. Surukar Baba ta zo ta tafi da ita. Ɗaya bayan ɗaya suka hau matakala.

Nettie ce ta ƙarshe. Ta jefa makulli kusa da farantin Halia.

"In kin gama kafin Ista, ki kulle ƙofar."

Halia ta zauna ita kaɗai a dogon teburin. Man shanun ya daskare a faranti, pirohin ya yi sanyi. Ta cinye shi duka, ta jira kaɗan ta tabbata ya wuce. Sannan ta wanke farantin, ta rataye kofinta a ƙusa, ta kashe fitila ta kulle.

Luz ta ba ta rana da bazara, ta ce in ta zo sai su duba ko a mayar da ɗan ruwan. Halia ta ce za ta zo, kuma duk abin da aka tambaye ta za ta faɗi yadda yake.