Ƙasan Takalmin Gwaggo

Daga Allah muke, kuma gare Shi makomarmu take. Ranar Talata, tara ga watan nan, da hantsi, ina tsakiyar ɗinki a rumfata, babbar 'yarki ta tsaya a gabana ta ce, "Mama ta rasu." Zazzaɓin kwana huɗu ne kawai. Na ɗaga ido na dubi allon da nake jera aiki, ga takalmanki da kika kawo ranar Alhamis, ko taɓa su ban yi ba, domin kin ce ba sauri kike ba.

Gwaggo, ba jini ya haɗa mu ba, takalmi ne. Karatuna bai wuce aji huɗu ba, amma ƙasan takalmi kam ina karanta shi. Shekara shida kina kawo mini naki duk bayan wata biyu. Ko masu tura baro ba sa cinye takalmi kamar ke, kuma kullum ta gefen ciki yake cinyewa. Mutanen layi suna kiranki Jirgin Ƙasa, wai kina da nauyin tashi, amma in kin tashi sai tasha. Kin sani, kuma kin karɓi sunan. Tashoshinki uku ne: bencin mai kemis, dakalin tela, da gindin turken lantarki na kwana.

Ke kika fara gaya mini sunan ciwon ƙafafunki, lipodima. Kika ce kitse ne mai ciwo da ke taruwa a cinyoyi da ƙafafu, ya sauko har idon sawu ya tsaya cak kamar an ɗaure bakin buhu. Rage cin abinci ba ya kore shi. Ɗan bugu kaɗan sai jini ya kwanta. Kika ce tafiyar ma ba ta warkar da shi, tana dai hana shi zaunar da mutum.

Ba zan manta kuskuren da na yi miki ba. Na ga wahalar zuwanki ta yi yawa, sai na sa miki ƙasa na tayar mota, mai tauri, wanda zai shekara bai motsa ba. Ina jiran yabo. Kwana biyu kika dawo kina ɗingishi, kika dire su a gabana.

"Ɗana, wa ya aike ka? Ni nake so in cinye takalmin, ba shi ya cinye ni ba. Sikeli ba ya gaya mana gaskiya. In na juya ƙasan nan na ga ya suɗe, shi ne shaidata cewa ban zauna ba."

Tun ranar nake sa miki roba mai laushi.

Abin da ban gaya miki da wuri ba shi ne, ina da irin wannan takalmin a gida. Tun haihuwarta ta fari ƙafafun matata suka fara cika. Dangi suka ce ci ne, maƙwabta suka ce hutu ne, ita kuwa ta bar cin rana, ta bar fita. Na ga silifas ɗinta ya ci ta gefen ciki kamar naki. Wata uku ina juya maganar a ciki, sannan na ajiye shi kusa da naki. Kika juya shi, kika daɗe kina kallo, kika ce, "Kai ni wurinta."

Ban san abin da kuka faɗa a ɗakin ba. Na dai ji kukanta, daga baya na ji dariyarku. Ke kika raka ta asibiti, ke kika koya mata sa safar nan mai matsewa tun kafin ta sauko daga gado. Kullum da safe sai ki buga mana ƙofa da sandarki: "'Yata, jirgi zai tashi, ba ya jiran mai kwalliya!" Ranar farko a bencin kemis ta tsaya. Bayan shekara tana kai wa kwana ta dawo, ta ɗauki 'yarmu ta hau bene da ita. Ni da hannuna na sake mata ƙasan takalmi sau biyar.

Yanzu ga abin da ke damuna, Gwaggo, kuma ba ni da wanda zan gaya wa sai ke. Daga ranar da aka kai ki makwancinki, kwana goma sha tara matata ba ta taka bakin titi ba. Safar tana rataye a ƙusa. Kowace safiya kafin in fita sai in juya takalmanta, in same su yadda na bar su. Na ga ta koma dafa bango in za ta miƙe. Likita ya taɓa ce mata in ta zauna gwiwa za ta ƙage, ruwa ya taru a kan kitsen, kuma abin da aka rasa ba lalle ya dawo ba. Na yi mata magana a hankali, sai ta ce, "Gwaggon da ta yi shekara ashirin tana tafiya, yau tana ina?" Ni ba ni da bakinki. In na matsa, sai in zama kamar masu cewa ci ne.

Shekaranjiya na sauko da takalmanki. Na san ba mai sa su, amma na sa musu roba mai laushi, na ɗinke, na goge. Na kai gida na ajiye a gabanta na ce, "Amanar Gwaggo ce, sai an mayar wa 'yarta. Ni kuwa kunyar shiga gidan nake ji." Ta dube ni. Ta gane dabarar sarai.

"Kai dai ba ka iya wayo ba," in ji ta.

Jiya da safe na ji tana nishin jan safa. Na bar rumfa a rufe, na bi ta a baya. Ta zauna a bencin kemis har na ɗauka a nan za mu juya. A dakalin tela ta yi kuka, tela ya tsayar da kekensa. A gindin turke ta ce ƙafafunta kamar ana zuba musu wuta. Amma ta kai, ta miƙa takalman da hannunta.

Yau ba ta fita ba, ta ce jikinta ya yi tsami. Gobe ban sani ba, kuma tsoron bai sake ni ba. Sai dai da na juya takalminta na tarar da 'yar tsakuwa ta maƙale a ƙasan, ta gefen ciki. Aikina ne cire irinta. Na bar ta a wurin.

Allah Ya jiƙan ki, Gwaggo, Ya yafe miki kurakuranki, Ya sa kowane taku da kika yi cikin ciwo ya zama nauyi a mizaninki, Ya hutar da ƙafafun nan a Aljanna. Ga 'ya'yanki uku da jikokinki, ina miƙa ta'aziyyata da ta iyalina. Allah Ya ba ku haƙurin rashi. Mu kuma da kika bari a hanya, Allah Ya ba mu ƙarfin kai wa tasha ta gaba.