Matar da Aka Hana Kuka

A bakin kogin Runde nake kallonta: doguwa, busasshiya, ɗankwali a karkace, kai a ɗage sama kamar mai duban hadari. Ba hadari take duba ba, hawaye take mayarwa ciki.

Ban san ta ba. Masu wanki ke raɗa cewa Mai Chenesai ce, wato uwar Chenesai, wadda 'yarta ta nutse a gurbin nan yau kwana huɗu. Wai njuzu, aljanun ruwa, suka ɗauke ta. Kowa kuwa ya sani, in uwa ta yi kuka, gawa za su maido.

Dattawa biyu na inuwa da ƙwaryar giya, suna gardama kan ko macen njuzu ce ta ɗauke ta ko namijin.

"Macen ce, Sekuru. Ita ke riƙe mutum ta koya masa magani."

"Rufe mana baki! Namijin ne ke dagula ruwa haka."

Ba wanda ya shiga ya duba. Amma an samu ƙato, ina jin ƙanen mijinta ne, yana gadin idonta, yana ce mata Amai, wato uwa.

"Amai, kul! Ɗigo ɗaya, ke kika kashe ta."

Zuciyata na tafasa. Gawa ba ta taso ba, har sun tanadi mai laifi.

Sai ta durƙusa, ta tsoma fuskarta duka cikin kogin. Kafaɗunta na rawa. Ta daɗe a haka.

Ta ɗago, ruwa na tsiyaya daga haɓarta, ta kafe ƙaton da ido.

"To, mai gadi," in ji ta, "zo ka ware nawa."