Kek ɗin da Bodil Ta Ƙi Kawowa

Bodil Thygesen ta rasu ranar Talata, sha ɗaya ga Maris, da ƙarfe huɗu da kwata na yamma, a birnin Esbjerg da ke bakin teku, bayan jinyar wata biyar. Shekarunta sittin da ɗaya. An binne ta ranar Laraba ta makon da ya biyo baya. Ina wurin, kuma abin da zan faɗa a nan a gabana aka yi shi.

Da muka fito daga coci, aka mayar da tutar da aka sauke rabi don makoki ƙolin sanda, muka shiga zauren shan kofi, mu kusan arba'in. Preben Dalsgaard, shugaban sashenmu a kamfanin da muke aiki da ita, ya ƙwanƙwasa kofinsa da cokali ya miƙe. Ya yi magana ta minti shida. Ya ce marigayiya mace ce da ba ta taɓa raba kanta da abokan aiki ba. Ya ce a watan Yuni kamfani zai gabatar wa taron masana wata sabuwar hanyar lissafin iska da sashenmu ya gano, kuma da tana raye da ta yi alfahari da ita. Da ya zauna, sai Aksel, mijinta, tsohon makanikin jirgin fito, ya tura masa farantin kek.

"Ci, Preben, kada ka ji nauyi," in ji shi. "Wannan mu muka saya. Naku ne dai har yau ba mu gani ba."

Babu wanda ya yi dariya. Mu da muka san zancen muka zuba wa kofunanmu ido.

Bodil, ba ki son doguwar magana, ni ma kin san ba gwaninta ba ne. Amma an yi miki ƙarya a gaban mijinki da 'yarki tun ƙasar kabarinki ba ta kwanta ba, kuma wannan ba zan iya haɗiye shi ba.

Shekara ashirin da biyu ke nan da na zo ofishinku da sabon digirina. Aikin shi ne mu faɗa wa masu kafa fankokin da iska ke juyawa su samar da wutar lantarki a teku inda za su dasa kowace ɗaya, da yawan wutar da gandun fankokin zai bayar. Fankar da ke gaba tana shanye ƙarfin iska ta bar na bayanta cikin abin da muke kira inuwa, kuma duk sana'armu a kan tsawon inuwar nan take. Ba ki bar ni na taɓa kwamfuta ba sai da kika fitar da ni teku a jirgin ma'aikata. Tun daga bakin tasha nake amai. Kika jira na ɗago, kika miƙo mini ruwa, kika ce, "Dakta, ka gama ciyar da kifin? To ɗaga kai ka ga abin da za ka riƙa rubuta wa lambobi."

A shekarata ta biyu na juya alkiblar iska a wani lissafi, aikin mako uku ya lalace. A wurinmu wanda ya yi kuskure shi ke kawo wa ofis kek, a ci, a yi masa tsiya, magana ta mutu. Ranar Juma'a na iso da nawa a jaka, na tarar kin riga ni ajiye naki a kan tebur. Kika ce laifinki ne, tun da ke ya kamata ki duba aikin. Na koma da nawa gida. Ban taɓa gode miki ba, ke kuma ba ki taɓa tayar da zancen ba. Na faɗi wannan ne don a san cewa ke ba mai ƙyashin amsa kuskure ba ce, har wanda ba naki ba.

Shekara shida da suka wuce aka ba mu lissafin wani sabon gandu, wanda wani tsohon gandu ke tsakaninsa da gaɓa. Hanyar da kowa ke bi ta ce inuwar tsohon za ta ƙare tun ba ta kai kilomita goma sha biyar ba. Ke kuwa, 'yar masunci, kin san abin da teku ke yi a Afrilu da Mayu. Iskar tudu mai ɗumi tana hawa kan ruwan sanyi ta kwanta shimfiɗa-shimfiɗa, ba ta gauraya, saboda haka inuwar ba ta warkewa. Kin yi shekara uku kina auna ta, kin same ta tana wuce kilomita arba'in. Kika ce wutar da muke shirin yi wa masu gandun alkawari za ta gaza da kashi shida cikin ɗari, sai dai a matsar da layukan farko yamma, a rage fankoki tara.

An yi taron ranar Litinin, rahoton kuwa ranar Juma'a ake jiransa. Preben ya saurare ki yana murmushi.

"Haba Bodil," ya ce. "Duk duniya da wannan lissafin ake aiki. Ke kaɗai iska ke zuwa tana yi wa hira?"

"Kai ma da ka taɓa fita teku da ta yi maka," kika ce. "Kawo takalman ruwa, gobe in kai ka."

Aka yi dariya, aka wuce zuwa batu na gaba. Kika ƙi sa hannu, kika rubuta ƙin amincewarki a takarda. Mutum uku suka sa, rahoton ya tafi.

Ba a kore ki ba. Mu ba ma kora, ba ma ɗaga murya. An mayar da ke bene na ƙasa kina tace tsofaffin rahotannin gyara, aka kira shi sabon nauyi. Kashegari aka wayi gari da rubutu a allon kicin, da hannun Preben: Bodil, kek. Rubutun ya yi wata bakwai a wurin. Kullum kina wuce shi ki zuba kofinki. Ba ki goge ba, ba ki kawo ba.

An gina gandun yadda rahoton ya ce. Yau shekara uku yana aiki, kuma giɓin wutar ya tsaya a kashi biyar da ɗigo takwas cikin ɗari. Matakala goma sha takwas ne tsakanin ofishin Preben da teburinki. Babu wanda ya sauko ya ce miki kin yi gaskiya. Abin da ya sauko takarda ce, ana neman fayilolinki wai don adanawa. Kika bayar, domin a ganinki gara a gyara lissafin ko da ba a ambace ki ba.

A ganina ba haka ba ne. Na buɗe wannan sabuwar hanya da za a kai taro, na karanta ta layi-layi. Taki ce. Ko sunayen da kika raɗa wa sassanta ba su damu su canza ba, sunayen jiragen kamun kifin da mahaifinki ya yi aiki a cikinsu. Marubuta biyar ne a shafin farko, kuma babu wanda zai iya faɗin ko ɗaya daga jiragen nan na waye. Sun yi kuskure, wannan kowa yana yi. Abin da ya ƙona mini rai shi ne sun jira kin kwanta ciwo kafin su yarda da ke, sannan suka jira kin mutu kafin su ce tare kuke.

Aksel ya ba ni littattafan awonki guda goma sha ɗaya, kowane shafi da kwanan watansa. Na aika da kwafinsu ga masu shirya taron Yuni, haɗe da takardar ƙin amincewarki da shafin sa hannun rahoton nan. Na sanar da Preben kafin in aika. Ya tambaye ni ko na yi tunanin makomata a sashen. Na ce masa na san hanyar bene na ƙasa.

Allah ya jiƙanki, Bodil, ya yafe miki kurakuranki, ya ba ki hutun da ba mu bar ki kin samu ba. Aksel, kai da 'yarku Solvej, Allah ya ba ku haƙuri da ƙarfin zuciya, ya bar muku ita a ranku yadda kuka san ta. Mu kuma da muka zauna a teburin nan ranar Litinin, Allah ya sa mu ji kunya tun muna da sauran lokaci.

Torkil Ravnsborg
Esbjerg

Gyara: na rubuta a sama cewa mutum uku suka sa hannu a rahoton. Duk wanda ya duba shafin da na aika zai ga huɗu ne. Na huɗun, na can ƙasa, nawa ne. Kek ɗin wannan Juma'ar ni zan kawo.