Yadda Carbin Kawu Ya Tsare Mini Aiki

Shekarun baya, wata safiyar Litinin a kasuwar Dei-Dei, idona ya faɗa kan wani gyale ruwan zuma da wani mutum ya shigo da shi shagon kawuna na sayar da fenti. Gyalen na fara gani, sannan mai shi: dogo, farar shadda, ƙamshin turare. Ni da na tashi da littattafan soyayya a ƙarƙashin filo, kafin ya gama sallama har na ɗaura mana aure, na raɗa wa 'ya'yanmu suna.

Lokacin satina biyu a shagon. Kafin nan an sallame ni daga aiki sau biyu, na ƙarshen a wani ofis inda na bar fayil a masallaci. Wata likita ta ce ina da lalurar da suke kira ADHD, wato hankalina ba ya iya tsayawa wuri guda. Na ji sanyi da abin ya samu suna, amma kullum ina tambayar kaina ko akwai aikin da zai zauna a hannuna. Kawu ya ba ni gwajin wata ɗaya. In na gaza, sai komawa Zariya gaban mahaifiyata.

Mutumin ya ce, "Malama, kalar gyalen nan nake so. Ɗakin amaryata za a shafa."

Aurenmu ya mutu nan take.

Kawu ya duba gyalen ya ce, "Ludayi bakwai na ja, huɗu na rawaya, a bokitin farin fenti. Kin ji ko in maimaita?"

"Na ji, Kawu."

Na fara zubawa. A ludayi na uku wata tirela ta wuce da shanu, wani farin sa ya leƙo yana kallona kamar ya san ni. Na shiga tunanin daga ina aka kwaso shi, wa ya bari a gida. Da na dawo hayyacina, hannuna na zubawa, lissafi ya tafi. Kunya ta hana ni faɗa. Na gauraya, na rufe, ya ɗauka ya tafi.

Kwana uku ko tuwo ba ya min daɗi. Ran Alhamis sai ga mai gyalen ya dawo, na ce shi ke nan, Zariya ta kira.

"Oga," ya ce wa Kawu, "ba kalar gyalen ba ce, amma amarya ta ce duk gidan ita take so. A ƙaro bokiti uku."

Kawu ya juyo. "Nawa-nawa kika zuba?"

Na sunkuyar da kai. "Wallahi Kawu ban sani ba. Wani sa ne ya wuce."

"Sa?"

"Fari."

Dariya ta sa Kawu zama a kan buhun siminti. Ni kuwa na roƙi mutumin ya kawo murfin tsohon bokitin, na ajiye shi a gabana, na fara gwadawa. Ɗigo nan, ɗigo can. Tireloli nawa suka wuce ban ji ba, abincina ya huce ban sani ba. Wajen la'asar na shafa a gefen murfin, ya bushe, Kawu ya kasa nuna inda sabon ya fara.

Ya zaro tsohon carbinsa daga aljihu. "Ke 'yar nan, ido Allah Ya ba ki, ƙidaya ce Ya hana ki. Kowane ludayi, ki ja ƙwaya ɗaya. In sa ya wuce ki kalle shi son ranki, yatsanki na nan inda kika tsaya."

Ban koma Zariya ba. Har yau ina mantuwa, ina ganin likitata, kuma jiya ma na bar makulli a jikin ƙofa. Amma na daina jin cewa ni ba ta aiki ba ce. Carbin na rataye a wuyan hannuna, shagon kuma ni ke riƙe da shi.

Kawu ya koma Yangoji yana noman doya. Da na kai masa ziyara bara, na tarar ya shafe ƙofar gidansa da kalar nan. Ya ce in dawo masa da carbinsa, tsufa ya sa yana manta buhu nawa ya ɗaure. Na saya masa sabo. Nawa dai ba zan bayar ba.