Batirin da Surukina Ya Ara

Ni dai sana'ata cajin waya ce a Karaye. Ina da sola, ina da babban batir guda, ina zaman lafiyata. Ƙanina ɗan boko, mazaunin Kano, shi ya ɗauko mini jidali a jaka.

Wani ɗan akwati ne, bai kai kwanon sha ba. Ya ce sunansa nod. Wai kuɗin kirifto, irin na intanet ɗin nan, ne ke bi ta cikinsa. Zai buɗe hanya tsakaninsa da irinsa a wasu ƙasashe, ƙanin nawa ya zuba kuɗinsa a hanyar, masu biyan juna su riƙa wucewa, shi kuma ya tsinci la'ada. Na ce kamar ban-ruwa a fadama ke nan. Ya ce kusan haka.

Ya yini yana haɗa wayoyi. Akwatin kuma ya share kwanaki wai yana kwaso tarihin kuɗin tun daga farko, yana shan data kamar raƙumi a bakin rijiya. Da zai koma ya ja mini kunne: "Yaya, kome za a yi kada ya mutu. In ya daɗe a kashe, na can ɓangaren za su rufe hanyar, kuɗina su maƙale, in koma gini daga tushe."

Akuyar da nake kiwo ma ba ta ba ni wannan wahalar ba. In ana zafi shi ke shan fanka, ni ina gumi. Intanet na ɗaukewa sai kira daga Kano: "Yaya, leƙa, koriyar fitilar nan tana ci?" Maƙwabta suka zo aron batir na hana, har aka fara cewa na koyi rowa.

Sai ga surukina, mahaifin matata, daga Ruwan Bago a bayan babur. Na durƙusa na gaishe shi, kaina a ƙasa. Da aka gama tambayar gajiya da iyali da damina, ya ce jikansa ya sauke Alƙur'ani, za a yi walima, ga lasifika amma babu batir.

"An ce kana da babba."

"Akwai, Baba."

To me zan ce? Mutumin da ko ruwa ban taɓa sha a gabansa ba, shi zan buɗe baki in gaya wa akwai akwatin da ya fi jikansa? Da hannuna na kwance batirin na ɗaura masa a babur.

Walima ta wuce, aka shiga suna a maƙwabtansa, batir ya zarce can. Suruki kuwa ba a aika masa a ce ya dawo da kaya. Da rana sola ta ɗan riƙe akwatin, rana na faɗuwa ya mutu. Yau haka, gobe haka, rannan ya ƙi tashi gaba ɗaya.

Ƙanina ya kira kamar zai fasa mini kunne. "An rufe mini hanyoyi! Yaya, a'a kawai za ka ce, mene ne abin wuya?"

"Zo ka faɗa da bakinka, tunda kai ka yi karatu."

Ya kuwa zo. Na goya shi har Ruwan Bago, yana ta tsara mini a hanya yadda zai yi wa tsohon bayani dalla-dalla. Muka tarar da Baba a zaure, batir na gefensa an lulluɓe shi da buhu. Ƙanina ya tuɓe takalmi ya durƙusa. Aka kawo fura.

"Ashe kai ne ƙanin nasa. Allah ya yi muku albarka, kun fitar da ni kunya. Akwai wa'azi da za mu yi nan gaba kaɗan, sai in riƙe shi har a gama."

Na saci kallon ɗan boko. Kansa ya fi nawa sunkuyawa.

"Ba komai, Baba," in ji shi.

Mun dawo ba batir. Da muka isa shago ya zare akwatinsa, ya naɗe wayoyi, ya cusa a jaka. Ni kuma na juyo da fankar wajena.